Kalmar Sirrin Hajiya Fadima

Matameye, ranar Lahadi

Zuwa ga maigida,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da duk 'yan garinmu da ke ci rani a Kano. Yaya zafi, yaya cinikin shayi? Mu nan lafiya lau, sai rana. Yara suna gaishe ka, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maigida, ashe har yanzu mutanen kirki ba su ƙare a duniya ba. Damina ta juya mana baya, rumbunmu ko ɓera ya daina leƙa shi, sojoji suna can Yamai suna ta karanta sanarwa, ba wanda ya tambayi yadda muka kwana. Sai ga wani bawan Allah da bai taɓa ganinmu ba, ya rasa sukuni saboda asusun ƙungiyarmu. Ka san asusun ai, na intanet ɗin nan da Baturiyar Faransa take zuba mana kuɗin fayafayi da tabarmi. Kuɗin aikin rani duka yana ciki, da shi muke sa ran sayen hatsi kafin tiya ta fi ƙarfinmu.

Inusa mai sibar, shagon intanet ɗin nan na Damagaram, wanda ke duba mana imel, shi ya ga saƙon. Ya fitar da shi a takarda ya ba direban mota. Shugabarmu Hajiya Fadima ta karɓa, ta sa a leda kamar takardar haihuwa. Ni aka kira in karanta, tunda ni ce na ɗan taɓa lakwal, karatun boko. Ga tuta a sama, ga hatimi a ƙasa, ga Faransanci mai maiƙo. Wai saboda canjin mulki, kamfanin da ke riƙe mana asusun zai rufe duk asusun Nijar ranar Alhamis, sai wanda ya latsa wani wuri ya saka kalmar sirrinsa aka tantance shi. Har da ba mu haƙuri kan wahalar da za mu sha. Ka ji tarbiyya.

Ni dai tun ina tallar rake nake kasuwa. Duk wanda ya ce mini abar ƙauna bai san sunana ba, kuma yana cewa in yi sauri, hannuna kan lalita yake komawa. Kamfanin nan kullum Madam Indo yake ce mini, yau sai ya manta, ya koma abar ƙauna. Kuma maƙerin da ya ƙera maka kwaɗo, me zai sa ya aiko yana roƙon makulli?

Sai dai ka san garinmu. Takarda mai hatimi ba a musu da ita, balle a zamanin soja. Ka kuma san Hajiya: ta girme ni, a zaurenta muke saƙa, ba a ce mata ta yi kuskure gaban mata. Ta ce in rubuta kalmar a ba direba ya kai wa Inusa. Na rubuta, na naɗe, na miƙa mata da hannu biyu.

Kada ka ta da hankalinka. Ka gaishe da su Garba.

Taka,
Indo

Matameye, ranar Juma'a

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ciwon kan da ka ambata ya tafi. Takardarka ta iso, na karanta faɗan da ke ciki har sau biyu, na ji daɗi, don rabon da ka rubuta mini shafi guda cur tun muna zance.

Kwantar da ranka. Abin da na rubuta wa Hajiya ba kalmarmu ba ce. Jakin maƙwabcinmu Sallau ne ya yi kuka lokacin da na ɗauki biro, sai na rubuta jakinsallau.

Talata na shiga mota na tafi Damagaram da ƙafata. A kasuwa, idan ɗan aike ya zo ya ce Alhaji ya ce a ba da kaya, ba na gardama da shi, ba na kuma ba shi. Mayafina nake ɗauka in tafi rumfar Alhaji. Na tarar Inusa yana murna, wai ya saka kalmar, shafin ya yi godiya, ya ce an tantance mu. Na ce masa ƙofar da jaki ya buɗe ai ba ƙofa ba ce. Sai da ya cire tabarau ya goge.

Muka koma kan saƙon a ordinata, wato kwamfuta, can na ga abin da takarda ta ɓoye mana. Adireshin mai aikowa wani dogon shirme ne, sunan kamfanin a gaba, tarkace a baya, kamar buhun da aka zuba hatsi mai kyau a baki, ƙaiƙayi a ƙasa. Na ce ya ba ni wata ordinatar da ba ta taɓa shafin nan ba. Na fito da takardar yarjejeniyarmu ta farko, na buga adireshin kamfanin da yatsana, harafi bayan harafi. Inusa ya juya baya, na saka kalmar gaskiya.

Maigida, kuɗinmu na nan kwance, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Babu zancen rufewa, babu zancen Alhamis. Abu ɗaya suke so, shi ma cikin asusun na gan shi ba a imel ba: hoton kartidantite ɗina, katin shaida, tsohon ya ƙare. Ba su nemi kalmar sirri ba, ba su ce in yi gudu ba. Na saka, na canja kalmar don zuciyata ta huta. Inusa ya ce daga yau ko latsa irin wannan wurin ba zai ƙara yi ba, don ta nan ma ana shigo wa mutum. Ya saya mini lemo, ya roƙe ni kada maganar ta fita. Kai kaɗai na gaya wa, kai kuma Kano kake.

Na dawo da kilishi, yara sun yi biki. Allah ya bar mu tare.

Indo

Matameye, ranar Laraba

Maigida,

Ina gaishe ka, ina gaishe da gajiya. Duk muna lafiya, Inna har ta taka zuwa rijiya.

Kuɗi ya fito. Mun sayo hatsi a kasuwar Kance kafin ya sake tashi, an raba a zauren Hajiya, kowace mace ta tafi da nata a kai. Jiya da safe duk unguwa ƙarar turmi ce. Na daɗe ban ji abin da ya yi mini daɗi kamarta ba. Idan ka dawo shuka za ka tarar da fura, ba sai ka zo da kunya ba.

Yanzu ga inda nake neman shawararka. Gari ya ɗauka saurin biyayyar Hajiya ne ya ceci asusun. Mata suna zuwa yi mata barka, har daga Dungu. Takardar nan ta liƙa ta a bango kusa da hotonta na Makka. Ni ma na je na yi barka, na ci goro. Ban ga abin da zai rage mini ba idan ita aka yaba, tunda tukunyata na kan wuta.

To, ɗazu ta aiko a kira ni. Ban san a bakin wa ba, ta dai ji na canja kalmar sirri. Ta ce shugaba ce ya kamata ta riƙe ta, don in irin wannan takarda ta sake zuwa ina kasuwa, ta amsa nan take, kada a sa mutanen kirki jira. Laraba mai zuwa bayan la'asar take so in kai mata a rubuce.

Ka gaishe da kowa, ka rage shan shayin da kake sayarwa. Kafin ka rufe takardar nan, kai da ka fi ni sanin girman manya: in zauna in gaya wa Hajiya gaskiya, ko in sake fere mata wata kalmar ƙarya?

Taka har kullum,
Indo