Baba Yana Legas, Ruwan Shuka Ya Sauka

Tsiga, ƙaramar hukumar Bakori.

Zuwa ga ƙanena Micah,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da matarka Elizabeth da yara, da babban baƙonku, Baba. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a kan titunan nan naku da ba sa rabuwa da cunkoso. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ɗan ciwon bayan da ka sani, akuyarta kuma ta haifi tagwaye. Ni kuwa na zama 'yar hanya, yau ina gidana a Funtua, gobe ina nan wajen Inna, har masu mashin na tasha sun daina tambayata inda za ni. A takarda nake rubuta maka, zan ɗauki hotonta in turo, don in na kira ka kullum kana cikin mota, ko kuma Baba yana kusa ka ce in rage murya. Wannan kam sai ka karanta ta har ƙarshe.

Mun ga hotunan yawonku, kuma ka kyauta ƙwarai. Mutumin da bai taɓa wuce Kaduna ba, ga shi a bakin teku ya naɗe wando, hula a hannu. Ga shi a doguwar gadar nan ta kan ruwa, ga shi a gindin benayen da Inna ta ce ko kyauta aka ba ta ba za ta kwana a cikinsu ba. Wanda kuka hau gadar igiya a tsakanin itatuwa, birai na leƙen ku, sai da Inna ta rufe ido, amma bai hana ta kai wayata coci ta nuna wa matan zumunta ɗaya bayan ɗaya ba. Sai dai ka koma ka sake duba hotunan da kyau. Kowa yana kallon mai ɗauka, Baba yana kallon sama. Ranar da muka yi magana ya ce mini ruwa na zuba a can kamar da bakin ƙwarya, kuma bai ga ko mutum ɗaya da sungumi ba, wai ɓarnar ta dame shi. Da ya tambaye ni ko gabas ta fara haɗa hadari a gida, kafin in buɗe baki ka karɓe wayar ka ce kati zai ƙare. Katina ne, Micah, ni na kira.

To, ruwa ya sauka, kuma ba yayyafin yaudarar nan na tsakiyar bazara ba. Malam Isah maƙwabcinmu, wanda shanunsa suka zuba mana taki da rani, ya tona ƙasa har hannunsa ya nutse bai kai busasshiya ba. Duk gari an fita shuka. In ka tsaya a bakin hanya babu gonar da ba ka ganin mutane a ciki sai tamu, ga ta an share, ga taki, tana zaune kamar ba ta da mai ita. Kowa ya wuce sai ya leƙo ya tambayi ko Baba Amos lafiya.

Ka ce in je kasuwar Funtua in sayo iri in sa 'yan ƙwadago, kada a gaya wa Baba, a bar shi ya huta. Da alama birni ya mantar da kai gidan da ka fito, bari in tuna maka. Irin dawarmu yana can saman rumbun Baba, zangarniyar da ya tsince da hannunsa tun kaka, irin da ya gada wajen kakanmu. Mace ba ta hawa rumbun maigida, namiji ma ba ya buɗe shi sai da bakinsa. Shi ke sauko da iri, ya yi addu'a a kai, shi ke saran farko, sannan sauran mutane su bi. Da na kai wa Inna maganarka sai ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin cikin rumbun nan ba, ba kuma za ta fara don mijinta ya je kallon ruwan gishiri ba. Ta ce in aka zuba masa baƙon iri a gona, ranar da ya dawo zai sa shanu su birkice shi, kuma kai ma ka san zai yi. Malam Isah ya ce shi a shirye yake ya kafa tsani ya hau, amma sai ya ji muryar Baba da kunnensa. Yanzu Inna ba ta iya zama wuri ɗaya, ta share gindin rumbun nan har ƙasar ta fara ramewa. Ni ma abinci ba ya shiga. Rana tana ƙara zafi, laima tana janyewa, in ta tafi ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai zo.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Elizabeth ta ce mini kun gyara wa Baba ɗaki, har da sabon gado. Mu yawon buɗe ido ka ce mana, ka ce ya ga gari ya dawo kafin damina. Na san gwiwarsa, ni nake shafa masa magani, na kuma san tausayinsa kake ji. Amma in so kake ya ajiye noma, ka faɗa masa ido da ido. Kada ka yi ta zagaya da shi daga teku zuwa kasuwa har shuka ta wuce shi bai sani ba. Ranar da ya gane, ba kai kaɗai zai riƙe a zuciya ba, har da ni da na yi shiru.

Don haka ka same shi yau ka ce masa ruwa ya sauka a Tsiga. Ko dai ka sa shi a mota, ko ka ba shi waya ya ce wa Malam Isah ya hau rumbun. In ya ce yana tafe, zan je tasha in tarye shi, in ci gaba da fargabar gwiwar nan. In kuwa ya ce a hau, to ni da Inna mun san ya ajiye noma ke nan, ko bai ƙara komai ba. Tsoron jin wannan kalmar nake yi, Micah, amma gara in ji ta daga bakinsa da a yanke masa ita a ɓoye.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka dawo mata da mijinta. Malam Isah da matarsa Hajo suna gaida Baba. Ka gaishe mini da Elizabeth, da Saviour da ƙanwarsa. Baba kuwa kada ka ce ina gaishe shi, ka ba shi wayar in gaishe shi da kaina.

Yayarka,
Fibi