Sawun Haƙora a Fuskar Dodo

Dengfeng, Guangzhou
Watan Satumba

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Abba da su Jumai. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, makaranta ma alhamdu lillahi, har malamar Sinancinmu ta ce harshena ya fara saki.

Na ba Anti Habsatou 'yar Maraɗi wannan takarda, da yake ta Kano za ta bi da kayanta. Abin da ke raina ba na waya ba ne. Gidan ƙarami ne, duk abin da na faɗa Kawu Munkaila yana ji.

Mama, tun da Kawu ya dawo daga gida wani wari ya cika mana ɗaki. Na wanke firji, na zuba ruwan zafi a makwarara, na leƙa ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu. Ashe daga akwatinsa ne. Ranar Asabar ya kira ni ya buɗe, sai ga fuskar dodon ƙauyenku, wadda kakana Baba Dogara yake ajiyewa a bukkar bayan dutse. Ke kika gaya mini mace ba ta ganinta a kwance babu kowa a ciki, don haka na rufe ido. Kawu ya yi dariya, ya ce in buɗe, nan ƙasar Sin ce, dodo ba shi da biza.

Ki yafe mini, na san kayan mahaifinki ne, amma ƙyama ta kama ni. Baƙin itace ne mai ƙaho biyu, ya sha man kaɗe da hayaƙi har yana danƙo. Ga gashin kaza manne da busasshen jini a goshi, ga tsamin burkutu, ga gumin mutane. Daga ciki kuma akwai wata 'yar sanda a gicciye, baƙa ƙirin, duk a tattaune. Kawu ya ce aikin ɓeraye ne. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ya ce gara ce ta ci gindin ƙaho ɗaya, shi ne Baba ya damƙa masa ita ya kawo a yi mata magani, a mayar kafin bikin girbi. Ni zan raka shi wurin masu gyaran in yi tafinta. Ba na son zuwa, amma gara a gyara ta, ta bar mana gida.

Ki gaishe mini da Abba da kowa da kowa.

'Yarki,
Saudat

Dengfeng, Guangzhou
Watan Oktoba

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya, kuma ƙafar ta yi dama. Jikina lafiya, amma raina ba daɗi.

Mun je unguwar Liwan. Ba wurin magani ba ne, Mama. Wani shago ne a lungu, inda ake zuba roba a yi kawunan zaki da fuskokin wasan yara da kayan adon otal. Kawu na fito da ita ma'aikatan suka taru. Ɗaya ya toshe hanci, ɗaya ya kifa ta a fuskarsa yana tsalle-tsalle, sauran suna ɗaukar sa a waya. Na jira Kawu ya hana. Shi ya fi kowa dariya, har da tafi.

Sai ya ce in gaya wa mai shagon, lawban kamar yadda ake kiran su a nan, yana son a zuba masa wata irinta sak. A nan na gane. Ta robar za a mayar wa Baba, ta ainihin kuma akwai mai wata mashaya da zai rataya ta a bango, kusa da kwalabe. Kawu ya ce idon tsoho ya yi rauni, ba zai bambance ba, kuma wai lada ma zai samu don ya raba mahaifinsa da tsafi. Ban ga wa'azi a ciki ba, Mama. Ni ma ba addinina ba ne, amma tsoho ya ba ɗansa amana.

Mai mashayar ya zo ya duba. Ya tambaya ko masu ita sun yarda. Kawu ya ce in ce duk sun mutu, ƙauyen ma ya watse. Kin san ni, ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Na sunkuyar da kai, na faɗa da Sinanci, da bakina. Na kashe ki, na kashe Baba, don a rataya katako a mashaya. Da muka dawo na wanke bakina ya fi yadda na wanke hannuna.

Mutumin ya ce yana so, amma a cire wannan ƙazamar sandar ta ciki. Kawu ya sa filaya ya ɓalle ta, ya wurga a kwandon shara cikin ɓawon gyaɗa da guntayen sigari.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Lokacin da ma'aikacin nan yake tsalle, da hannu yake riƙe da fuskar, yana saki take zamewa, don ba ta da igiya. Ni kuwa na tuna bikin da kika kai ni ina ƙarama, ina leƙe ta bayan zanenki. Dodo yana riƙe da wutsiyar doki a hannayensa duka biyu, yana juyi, fuskar ba ta faɗi ba. Kuma bai taɓa magana ba, sai gurnani. Da haƙori ake riƙe ta, Mama. Ba ɓeraye ba ne. Kawu ya bar ƙauye tun yana yaro, bai shiga kurmin da ake koya wa samari sirrin dodo tare da sa'o'insa ba, shi ya sa bai sani ba. Ta robar ma igiyar roba suka ɗaura mata ta baya, irin ta fuskar wasan yara.

Da suka shiga ciki shan shayi, na sa hannuna a kwandon. Na ɗauko sandar, yawun mutane ne na shekara da shekaru a jikinta. Amma da na duba a haske, sawun haƙora ne kan sawun haƙora, wasu sun shafe don tsufa. Na baya-bayan nan akwai giɓi a tsakiyarsu, daidai giɓin Baba Dogara.

Na gida ya fi muni. Da aka kawo ta robar, Kawu ya sa ni na shafe ta da man kaɗe, ya turara ta da hayaƙin gawayi a baranda, ya sayo jinin kaza a kasuwa ya ɗiga mata. Yana yi yana waƙa. Ya shinshina ya ce wai har ta fi ta ainihin wari.

Kwalin da ta robar take ciki zai zo ta hannun wani direba, kai tsaye ƙauye. Ni kuma ga ƙulli nan na ba Anti Habsatou tare da takardar nan, sandar ce a ciki. Kada ki kwance, ke a ƙarƙashin dokar kika girma. Don Allah ki je da kanki, ki sa wa Baba a hannu kafin ya buɗe kwalin. Ki gaya masa komai, har da cewa 'ya mace ta gani kuma ta taɓa. Na san Kawu zai gane daga ina maganar ta fito, kuma a gidansa nake karatu. Na yi tunani a kan wannan. Ba zan iya bari Baba ya fita gaban mutanensa da abin wasan yara a fuska ba.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Saudat

Dengfeng, Guangzhou
Watan Disamba

Mamana abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso ni, na gode. Sannu da hanya, sannu da hawan dutse da wannan ƙafar. Ina fata kin huta.

Na karanta inda kika ce Baba ya kwance ƙullin ya shafa da yatsa, ya ambaci sunan mahaifinsa da na kakansa, sannan ya juya wa kowa baya. Na kasa wuce wurin. Kin ce bana dodo bai fito ba, ganga kawai aka kaɗa, kuma Baba ya aika a saro itace don a sassaƙa wata a sa mata tsohuwar sandar. Ta robar kuma kaji ke shan ruwa a ciki. Ban san ko zai yafe mini ganin da na yi ba. Kin ce da kika gaya masa, tambaya kawai ya yi ko ina cin abinci.

Kawu ya ji. Bai yi mini faɗa ba, ya dai daina amsa gaisuwata, kuma ya gaya wa Anti Habsatou idan an yi hutu ta taho da ni gida. Malamata ta tambaye ni dalili, na ce mata mahaifiyata ce ke son ganina. Ki tambayar mini makarantar su Jumai ko za su karɓe ni a tsakiyar shekara.

Warin ya bar gidan tuni. Kawu ya sayo turaren fesawa mai ƙamshin lemo, ko'ina fes. Amma ki gaya wa Baba gaskiya, ba na ci sosai. Lokacin da fuskar take cikin akwati, wuni ɗaya na yi ban ci ba. Yanzu kullum idan Kawu ya zauna a teburi ya sa hannu a kwano, sai in ji na ƙoshi.

Sai na zo. Ki gaishe da Abba, ki ce wa Jumai ta matsa mini a katifa.

'Yarki mai kewarki,
Saudat