Kada Mijinki Ya Taɓa Murhuna

Malvern, Arkansas
11 ga Agusta

Ƙanwata Opal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jikoki. Mijinki kuwa ban tambaya ba.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san daga aji huɗu Baba ya cire ni ya kai ni injin katako. Waya ba zan kira ba, don kullum mijin naki Harlan ne ke ɗauka.

Bikin rufe tafkin iyon gidana yana nan ranar Litinin ta hutun ma'aikata, yadda muke yi tun matata Verna tana da rai. Amma bana da doka. Likita ya ce ba zai yi mini aikin gwiwa ba sai nauyina a sikeli ya sauko zuwa fam ɗari biyu da arba'in. Mako guda bayan biki zan hau sikelinsa. In na ɗara ko da fam ɗaya, sai baɗi, in ci gaba da hawa matakalar gidana da jan gindi. Tun Afrilu nake cin ganye kamar zomo. Saura fam shida.

Don haka abin da nake ci shi kowa zai ci: dafaffen kabeji, kokwamba, ƙirjin kaza marar fata. Murhun gashina na ɗaure shi da sarƙa, na sa kwaɗo.

Kin san dalili. Bara, a gaban mutum talatin har da fasto, mijinki ya zare awartakin juya nama daga hannuna ya ce, "Je ka zauna, Tulu, kafin ka ƙone mana gari." A gidana! Namiji ba ya taɓa murhun ɗan'uwansa namiji, wannan ko karen gidana ya sani. Na je na zauna, kujerar roba ta ɓalle da ni, shi ya fara ƙyalƙyala dariya. Bana sai ya ci kabeji ina kallon bakinsa.

Kada ki zo da kek ɗin tuffa.

Yayanki,
Delbert

Camden
18 ga Agusta

Yaya Delbert,

Na samu wasiƙarka, na kuma gode wa Ubangiji da jin ƙoƙarin da kake yi. Harlan yana gaishe ka, ko da ba ka tambaya ba.

Yaya, shekararka saba'in da uku. Mutane za su tuƙo mota awa biyu cikin wannan zafin, da yara, ka tare su da kabeji? Verna da ta ga haka da ta jefa ka cikin tafkin da tufafinka. Ka ci ganyenka, ka bar mutane su ci namansu, babu wanda zai ɗura maka.

Gara ka ji daga bakina: na karanta wa Harlan wasiƙarka. Sai ya je ya aro babban murhun majami'a, irin wanda ake ja da mota. Ya ce naka ba zai taɓa ba, ko kallonsa ba zai yi ba. Don Allah ka karɓi abin da kyakkyawar zuciya.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Opal Fay

Malvern
2 ga Satumba

Opal,

Ina gaisuwa. Jiya kin shige mota kin tafi ba sallama. Kina can sayen ƙanƙara aka fara, ƙarshen kawai kika tarar, kuma na san yadda mijinki yake juya magana. Ga yadda aka yi.

Na hana shi shiga da murhun, sai ya girke shi a bakin titi, dab da shingena, ta inda iska ke busowa. Da gangan. Hayaƙin naman sa ya riƙa shigowa hancina, ni da na karya da dafaffen ƙwai guda. Ya leƙo ta saman shinge da hularsa a karkace ya ce, "Suruki, yaya gonar kabeji? An samu damina?"

Na ce, "Titi na gwamnati ne, Harlan, ka ci abinka. Ruwa kuwa nawa ne."

Ɗaya bayan ɗaya suka zame waje da farantansu. Har fasto, wai zai je ya sa wa abincin albarka. Da na ƙarshe ya fita sai na ja ƙofa na datse. Na ce duk wanda ya ci naman Harlan, ya yi iyo a wurin Harlan. Kin dai ji zafin jiya, kwalta har narkewa take. Suna tsaye gumi na zuba, maiƙo a baki, ni kuwa ina kwance a kan tayar iyo a tsakiyar ruwa ina gatsar kokwamba. Opal, tun rasuwar Verna ban ji daɗi irin wannan ba.

Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ya miƙo faranti ta kan shinge, an rufe da takardar gwangwani, ya ce, "Haba Tulu, ɗan ɗanɗana mana, sikeli ba ya gani."

Ba zan ɓoye miki ba, hannuna ya ɗaga. Yawu ya cika mini baki, na ji ƙafata tana neman matakalar tafki da kanta. Sai na tuna gwiwata, na tuna wanda ya miƙo. Na fito, amma ba wurinsa na nufa ba. Na je bayan gida na buɗe famfon ban ruwan ciyawa har ƙarshe, famfon kuwa yana feshi har tsakiyar titi. Garwashi ya yi cuuu, hayaƙi ya turnuƙe, matar fasto ta yi ihu gashin kanta ya kwanta. Harlan ya rungume tiren nama yana gudu, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin lambatu.

Ni na fara dariya.

Jikoki kam na buɗe musu daga baya sun yi iyo, ba ruwansu. Ban yi nadama ba, kada ki jira.

Delbert

Camden
4 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ka don Mama ta koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba.

Farantin da ka ƙi buɗewa ba naman sa ba ne. Ƙirjin talotalo ne, babu kitse, babu gishiri. Harlan ya kira ɗiyarka ya tambayi abin da likita ya yarda ka ci, ya gasa maka shi daban. Bakinsa ne ba shi da linzami, wannan na sani shekara arba'in.

Batun bara kuma, ni na tura shi. Na hango gwiwarka tana rawa a gaban wuta, na ce, "Je ka karɓi awartakin nan kafin ya faɗa ciki." Shekara guda yana ɗauke da laifina bai tona ba. In fansa kake nema, ga ni.

Tun faɗuwar nan Harlan sai a kan matashin kai yake iya zama. Ubangiji ya ba ka sa'ar sikeli, ya kuma shirye ka.

Opal Fay

Malvern
9 ga Satumba

Ƙanwata,

Gaisuwa. Sikeli ya nuna fam ɗari biyu da talatin da tara. An sa aiki ranar ashirin da uku ga wata.

Likita ya tambaye ni sirrin, na ce ya nemi suruki irin nawa.

Ke kika tura shi, na ji. Ke kika ce ya kira ni Tulu?

Asibiti sun ce ba za su sallame ni ba sai da wanda zai tuƙo ni gida, ke kuma ba kya hawa babbar hanya. Ki ce masa ya zo ƙarfe bakwai. Motata za mu shiga, kuma kada ya taɓa rediyo.

Ban yafe ba.

Yayanki,
Delbert