Harajin Motar da Na Saya da Raguna

Zuwa ga Mai Girma Mudirin ofishin da ke yanka wa motocin ƙetare haraji, bakin ruwa, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wanda ya jawo wannan takarda. Sunana Isyaku Habu, direba, ina zaune a unguwar Bani Malik. Mu Hausawan Sudan ne, amma na daɗe a Jidda ina tuƙa motocin mutane. Na yi sintiri a ƙofarka har mai gadi ya san tarina, kullum sai ya ce ka fita. Shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a, ko Allah zai sa wani ya karanta maka.

Na farko, yadda na sami motar. Mahaifiyata ta rasu a Gadarif, ta bar mini raguna goma sha ɗaya. Na kai su Bur Sudan in sayar, sai na haɗu da wani mahauci mai tsohuwar mota. Shi nama yake so, ni kuma na gaji da tuƙa ta wani. Muka yi musaya a gaban shaidu, ko ƙirshi bai shiga tsakaninmu ba. Ma'aikacin harajin can ya fito ya dubi ragunan, ya dubi motar, ya ce shi dai bai gane wanda aka cuta a cikinmu ba. Ya yanka mini ɗan abin da ya sawwaƙa, na biya, na ɗora ta a jirgin ruwa.

Na biyu, abin da ya faru a ofishinku. Na nuna wa ma'aikacinku shaidar harajin Sudan, ya ce wannan tsakanina da Sudan ne. Ban yi musu ba, kowace ƙasa da hukumarta. Ya tambaye ni nawa na saye ta, na gaya masa gaskiya. Ya juya takardarsa gaba da baya, ya ce babu gurbin rago a ciki. Sai ya leƙa ta taga, ya hango garken da ake sauke dabbobin hadaya, ya aiki mai shayinku ya tambayo farashi. Bawan Allah nan bai tsaya ko'ina ba sai gaban ragon da ya fi kowanne girma. Ya dawo ya ce riyal ɗari biyu. Ma'aikacinku ya ninka sau goma sha ɗaya, ya ce halas, magana ta ƙare, kuɗin mota ke nan. Harajin da ya cire daga ciki kaɗai ya isa ya sayi motar da ƙanwarta.

Na uku, ranka ya daɗe, rago ba rago ba ne. Wanda aka gwada da shi sai da ƙarti biyu suka riƙe shi. Nawa kuwa ragunan shekarar fari ne, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga tsallaken titi. Ɗaya mai ido ɗaya ne, ɗaya gurgu, biyu suna tari kamar tsofaffin mashaya taba. Babu malamin da zai yarda a yi layya da rabinsu. Motar ma ku je ku gani da idonku. Sitiyarinta a dama yake irin na Sudan, ƙofar baya da igiya take rufuwa, kuma ba ta taɓa tashi ba sai da taimakon Musulmi huɗu.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Duk ranar da na koma neman sassauci, sai a sake aiken mai shayi. Kun fi ni sanin yadda rago yake idan Hajji ya matso. Kullum yana hawa, harajina na hawa da shi, ita kuwa motar tana can iskar gishiri na cinta. Wallahi yanzu ko kukan rago na ji a unguwa sai gabana ya faɗi. Da na yi ƙorafi, ma'aikacinku ya ba ni shawara cikin fara'a, wai in dawo bayan Sallah lokacin da raguna suka yi arha.

Na biyar, abin da ya sa ba zan iya bin wannan shawara ba. Na ajiye aikina saboda motar nan. Jiragen alhazai sun fara sauka, kuma kowane direba ya san jigilar Jidda zuwa Makka a 'yan makonnin nan ita ke ciyar da gida har shekara ta zagayo. Bayan Sallah alhazai sun watse, wa zan ɗauka? Ina da mata da 'ya'ya uku. Kullum da safe ina tsaye a bayan shinge ina kallon abokan aikina suna lodi, ga tawa can an yi mata inuwa da buhunan shinkafa. Mutane suna dariya in na ba da labarin, ni ma ina taya su, amma ba na barci. Tsohuwata da hannunta ta kiwata ragunan nan, kuma ban da wannan gwangwani ba ni da komai nata a duniya.

Saboda haka ina roƙon ɗayan biyu. Ko dai ka sa a ƙiyasta motar a matsayin mota, a turo makaniki ya dube ta, a bar mai shayi ya ji da shayinsa. Ko kuma, idan ma'aikacinku ya tabbata har ga Allah ta kai abin da ya rubuta, to na sayar masa a haka. Ya cire harajinku daga ciki, ya miƙo mini saura. Igiyar ƙofa kyauta ce, ni kuma zan kasance ɗaya daga cikin masu tura masa.

Allah ya ƙara maka girma da adalci, ya tsare iyalinka, ya nufe ka da duba wannan magana tun kafin jirgin alhazai na ƙarshe ya sauke mutanensa.

Wassalam.

Naka mai jira a bayan shinge,
Isyaku Habu, direba,
Bani Malik, Jidda.