Uwar Turaren da Aka Rubuta Man Girki

Zuwa ga:
Mai girma Kumandan,
Shugaban Kwamitin Tono Abincin da Aka Ɓoye,
Birnin Yamai.

Daga:
Alu Hamidu,
Malamin tarihi a lise (makarantar sakandare),
Unguwar Gaweye, Yamai.

Litinin, 10 ga Yuni, 1974.

Game da: Kwalba biyu na turare da aka ƙwace a gidan Saratu Hamidu da ke Zongo ranar 14 ga Mayu, da roƙon a hana dafa ta biyun.

Mai girma Kumandan,

Tun ranar Juma'a 17 ga Mayu, babu ɗigon abinci ko ɗaya da ya saura a ɓoye ƙarƙashin ƙasar birnin Yamai, kuma duk abin da aka tono ya shiga bakin mabukata. Haka sanarwar Kwamitinku ta faɗa. An karanta ta a radiyo da Faransanci da Zabarmanci da Hausa, ni kuma na saurari duka ukun a tsaye. Ban rubuto don in musa ba. Na rubuto ne a matsayin shaida, domin ina da masaniya kan wani ɓangare na abin da aka tono, da bakunan da ya shiga, da ɗan lokacin da ya yi a ciki kafin ya dawo waje.

Ina magana ne da yawun yayata, Saratu Hamidu, mai haɗa turare a Zongo, wadda mijinta ya rasu, shekarunta sittin da ɗaya. Ita ta goya ni. Ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, shi ya sa ni, da na yi shekara biyar a jami'ar Dakar ina koyon yadda dauloli ke rushewa, aka samo mini aikin da zan yi wa dangi amfani da shi. Ga ƙorafinmu, cikin ladabi.

1. Abin da aka tono. A ƙarƙashin gadon Saratu akwai rami cike da rairayi, a cikinsa akwai manyan kwalabe biyu masu rigar kaba, irin waɗanda ake kira damajan, kowace lita goma, bakinsu a toshe da kakin zuma. Ɗaya sunanta uwa, ɗaya ɗiya. Gaskiya ne man riɗi ne a ciki, kamar yadda yake gaskiya ne cewa tawada akasarinta ruwa ce. Mahaifiyarmu ce ta kafa uwar a Damagaram a 1931, da wani dunƙulen ambar da kakanmu ya dawo da shi daga hajjin ƙafa na shekara bakwai. Ambar, ranka ya daɗe, abu ne da ke fitowa daga cikin wani ƙaton kifin teku, ya yi shekaru yana yawo bisa ruwa kafin a tsince shi a gaɓa. Aka rataye shi da zare a cikin man, aka zuba masa garin itacen ud, da sandal, da farce, wato ɓawon wata halittar teku da ake sa wa turare, aka binne. Sau ɗaya a shekara ake buɗe uwa, bayan babbar Sallah. A ɗebi ludayi ɗaya a zuba wa ɗiya, a mayar wa uwa da sabon mai da sabon ud, a sake toshewa. Daga ɗiyar ake sayar wa amare da masu jego da masu haɗa likkafani. Uwa ba a sayar da ita, ba a girgiza ta, rana ba ta ganinta. Ana binne ta ne don sanyi da duhu. Shekarar da aka kafa ta shekarar fara ce, mutane sun ci ganye, sun tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, amma a duk Damagaram ba a samu mai yunwar da ya yi tunanin cin ta ba. Wannan tunani ya jira shekara arba'in da uku, da kafuwar Kwamiti.

2. Yadda aka tono. Ranar Talata 14 ga Mayu, da ƙarfe goma na safe, Ajidan Ibrahim ya iso da kamiyo, babbar motar kaya, da soja huɗu da sandunan ƙarfe na soka ƙasa. Ban zarge shi da rashin kunya ba. Ya yi sallama, ya kira ta Inna, ya ce umurni ne. Da sandar ta yi ƙara a kan kwalba, sai fuskarsa ta washe kamar ta wanda aka yi wa haihuwa. Saratu ta durƙusa ta gaya masa turare ne. Ya ce ta bar wannan zance, turaren da ya sani a 'yar kwalba yake zuwa mai tsawon yatsa, da hoton mace a jiki. Ta roƙe shi ya kankare kakin ya shinshina, ko da hakan zai ɓata mata aikin shekara. Ya ce an aiko shi bincike ne, ba shinshine-shinshine ba, kuma ma mura yake yi. Ya ɗaga kwalbar a rana, ya girgiza ta da hannu biyu, ya ga abu na motsi a ciki kamar mai, ya tambaye ta ko ba mai ba ne. Yayata ba ta iya ƙarya ba, ta ce mai ne, amma. Bai jira abin da ke bayan amma ɗin ba. Takardar da ke hannunsa gida uku gare ta: hatsi, sukari, mai. Na ga irinta daga baya, kuma na yarda babu gidan turare a cikinta. Da za su fita, wani soja ya shure guntayen itacen ud da ke kan tabarma, ya ce wa ɗan'uwansa tsohuwar ko itacen girkin kirki ba ta da shi, amma ta iya ɓoye mai.

3. Sunanta. A daren Laraba aka karanta sunayen masu ɓoye abinci a radiyo, ita ce ta tara, tsakanin wani mai buhun gero ɗari uku da wani mai sito biyu na shinkafa. Tun daga ranar matan da suka yi shekaru suna zama a tsakar gidanta suna kiranta Inna sun koma bin ɗaya gefen titi. Wani ya rubuta mata kalma da gawayi a bangon zaure. Ba ta iya karatu ba, ta tambaye ni me aka rubuta. Na ce mata lambar gida ce ta hukuma.

4. Abin da aka yi da ɗiyar. Wannan ban gani da idona ba, na ji ne daga bakin Idrisa, mai dafa abinci a sansanin 'yan gudun yunwa da ke arewacin gari, kuma a shirye yake ya maimaita a gabanku. Ranar Alhamis 16 ga Mayu aka kai musu kwalbar da hatimin Kwamiti. Sun yi kwana goma sha tara ba su ga mai ba. Idrisa ya ce da ya fasa kakin ya ji abin da ya ji, ya gaya wa sojan da ya kawo cewa wannan mai ba lafiya ba. Sojan ya nuna masa hatimi, ya ce man ƙasar waje haka yake, kuma wanda ke cin jar dawar taimako ba shi da bakin zaɓe. Aka raba lita goma a tukwane shida na faten dawa, abincin yini na mutum wajen ɗari huɗu.

Ina roƙon Mai girma Kumandan ya ɗan tsaya a nan. Turaren da ake ɗigawa a bayan kunne da tsinke, shi aka kwarara a kan wuta da ludayi. Ƙamshin ya tashi ya rufe sansanin, ya danne warin masai da na gawar dabbobi. Mutanen nan makiyaya ne da manoma da suka baro arewa a ƙafa, kuma tun zuwansu ba su san wannan ƙamshi a ko'ina ba sai a jikin likkafani, domin yayata kan aika musu da ɗan kaɗan sadaka idan an yi rasuwa. Tsofaffi suka fito daga bukkoki suna tambayar wa ya mutu. Aka ce musu abinci ne ya nuna. Manya suka karɓa, suka kai baki, suka ajiye kwano. Yara ba su ajiye ba. Ud ɗaci gare shi kamar maɗaci, farce kuwa ba a yi shi don ciki ba, amma yaron da ya kwana biyu bai ƙoshi ba ba ya tsayawa ɗanɗano. Kafin la'asar suna kwance suna amai, aman kuma yana ƙamshi, Idrisa ya ce har ƙudaje ba su sauka a kai ba. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. An zubar da faten tukwane shida a rami, babu wani garin da za a sake dafawa sai washegari, aka kwana haka. Tukwanen an wanke su da toka sau bakwai, har yau faten sansanin yana da ɗan ƙamshin amarya. Washegarin ne aka karanta sanarwar da na fara da ita.

Idrisa ya zo Zongo ne ranar Asabar, yana neman gidan tsohuwar da ta sa guba a mai. Ya shigo ba sallama, ya faɗa mata maganganun da ba zan sa a takardar hukuma ba. Tun yana bakin zaure Saratu ta ji ƙamshin aikinta a jikin rigarsa, a ƙone. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa, ta ce ɗana, gaya mini yara nawa ne. Ya gaya mata. Ta tambayi ƙaraminsu shekararsa nawa. Ba ta tambayi kwalbarta ba.

5. Uwar. Sanarwar 17 ga Mayu ta riga gaskiya da kwalba ɗaya, domin uwar ba ta shiga bakin kowa ba tukuna. Tana magazen Kwamiti, wato ɗakin ajiya, ƙarƙashin rufin kwano, a wannan zafi, kusa da gangunan man mota na gazuwal. Na je buronku, ofishin Kwamiti, sau huɗu: 20, 24 da 30 ga Mayu, da 5 ga Yuni. A zuwan farko aka ce babu wanda ya taɓa kuskure a Kwamiti. A na biyu aka ce in kawo takardar shaidar cewa turare turare ne, daga hukumar da ta dace. Na tambayi wace ce, aka ce idan na same ta zan gane ta. A na uku sakataren ya ce da ni, Malam, kai da ka yi boko ka fi kowa sanin abin da aka buga wa hatimi ba ya komawa wani abu. A na huɗu mai gadin magaze ya ji tausayina ya bar ni na leƙa. Na gan ta. An manna mata takarda: man girki, kashi na biyu, a fitar ranar Juma'a 14 ga Yuni. Na samu labarin ranar ce baƙi masu ba da taimako za su ziyarci sansanin, ana so su ga maiƙo a saman fate. Ina tabbatar wa Mai girma Kumandan cewa uwar ta fi ɗiyar ƙarfi nesa ba kusa ba. Baƙin za su ji sansanin tun daga gada.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon abubuwa kamar haka. A dakatar da fitar da kwalbar kafin Juma'a, wannan shi ne na gaggawa. A mayar wa Saratu Hamidu ita, a ɗauke ta a tsaye, a lulluɓe, kada a girgiza, ko da yake ita kanta ta ce ba ta san abin da wata guda na rana ya bari a ciki ba. A cire sunanta daga jerin ta hanyar da aka sa shi, da harsuna ukun. Ba na neman a hukunta Ajidan Ibrahim, wanda ya cika takardarsa daidai yadda aka zana ta. Idan Kwamiti na buƙatar gwani kafin ya yanke hukunci, ba sai an aika Faransa ba. Ya isa a samu ma'aikaci ɗaya wanda ba ya mura, a ba shi izini a rubuce ya sunkuya.

Saura abu ɗaya, don kada a ce lita goma ta yi ɓatan dabo a hannun Kwamiti, ko a ce ana bin sansanin abincin yini. An riga an biya. Ranar Alhamis da ta wuce yayata ta ɗauki turmin tagulla da take daka ud a ciki tun tana budurwa, da taɓaryarsa, ta kai wa wani maƙeri. Da abin da ya ba ta ta sayi man gyaɗa galan biyu da buhun gero. Ta ɗora su a amalanke, ta bi shi a ƙafa har sansanin, ta ja mayafi ta rufe fuska saboda sunan da take da shi yanzu a gari. Ta sa Idrisa ya buɗe kowane galan a gabanta ya shinshina, ya lasa, sannan ta ce ya fara da yaran. Ta tsaya daga nesa har suka cinye, ta jira ta ga ya zauna musu, ta dawo gida ana kiran magariba. Ta roƙe ni kada in sa wannan a takarda, kada Kwamiti ya ji kunya. Na gaya mata ta kwantar da hankalinta.

Ina jiran umurninku kafin Juma'a, tare da dukan girmamawar da matsayinku ya wajabta mini. Allah ya ƙara wa Mai girma Kumandan lafiya, ya kawo mana ruwa.

Mai biyayya gare ku,

Alu Hamidu
(sa hannu)

A madadin Saratu Hamidu, Zongo
(dangwalen yatsa)