Wuƙa Mai Zobe a Bakin Tafkin Bosomtwe

Zongo, Kumasi,
25 ga Fabrairu, 1970.

Zuwa ga aminina Malam Gariba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Habsa da yara, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya Birnin Ƙonni, yaya baƙunta a garin kakanninka? Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layyarmu.

Takardarka ta iso, na ga shawararka cewa in zan sayi wuƙar aljihu, in sayi waccan da muke tsayawa kallo a gilashin kanti a unguwar Adum. To, ni da kai da mutane da yawa zato ɗaya muke yi, wai wuƙar da ta fi yawan baki ita ta fi amfani. Na riga na saye ta kafin takardarka ta zo, kuma ta ja mini abin da ban shirya masa ba.

Tun da dokar nan ta korar baƙi ta watse da ku a watan Disamba, ajinmu bai koma daidai ba. Bencuna da dama babu kowa a kai, yaran da suka rage kuma babu mai surutu, abin da a da muke roƙon Allah ya ba mu. Sai na ce wa shugaban makarantarmu, Masta Ofori, mu kai su tafkin Bosomtwe kafin hutu, su ga ruwa, su ci abinci tare, su yi dariya. Ya yarda nan take. Iyayen yara Asantawa ma suka yarda. Iyayen Zongo kuwa duk suka zuba wa Alhaji Buraima mai goro ido, ka san abin da ya ce shi ake yi, ga shi 'ya'yansa biyu, Mamuna da Seini, suna ajina. Sharaɗi ɗaya ya kafa: duk naman da yaranmu za su ci a can, da hannuna zan yanka shi.

A da kai ke yi wa makaranta yanka da doguwar wuƙar babanka. Ni kuwa ba zan shiga lori cike da yara da tsirarar wuƙa ba. Shi ya sa na nufi Adum na sayo mai naɗewa. Gariba, da ka gan ta! Ja ce, tana walƙiya, ga ƙaramin almakashi, ga zarto, ga abin buɗe gwangwani.

Ranar nan bayan la'asar na fito da ita a ƙofar masallaci don a sa mini albarka. Ina buɗe bakunan ɗaya bayan ɗaya, dattawa suna ta mamaki, har na zo kan wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kama da yaɗon kabewa. Na ce ina jin na warware ƙulli ne. Sai Baba Sulemana, wanda ya daɗe yana kuku a gidajen Turawa, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce malam, wannan ai da shi ake zare toshiyar kwalbar giya, ya zare ɗaruruwa da irinsa kafin ya tuba. Alhaji Buraima ya naɗe buzunsa, ya ce shi dai bai taɓa jin an yi bismilla a kan wuƙar da ke goye da wannan abu ba. Ya yi sallama ya tafi.

Kamar hakan bai isa ba, washegari maƙwabciyata Maame Akosua ta kira ni in yanka mata kaza kamar yadda ta saba, don mu ma mu iya cin miyarta. Ina dannawa sai bakin ya naɗe a kan yatsana. Kaza ta tsere bayan murhu, Maame na ɗaure mini yatsa tana cewa yau dai malam aka yanka.

Yanzu iyaye sun fara aiko cewa 'ya'yansu ba za su je ba. Mamuna ta daina ɗaga hannu a aji. In lori ya tashi babu yaran Zongo, gara ma kada a yi tafiyar. Amma ban fid da rai ba. Ka sa mu a addu'a.

Ka gaishe da Habsa, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Iliasu.

Zongo, Kumasi,
10 ga Maris, 1970.

Aminina Gariba,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da kai da iyali. Na ji daɗin labarin cewa ka tara yara a zaure ka fara koyar da su. Allah ya yi jagora. Yatsana ya warke, dariyarka kuwa na jiyo ta tun daga nan.

Na yi abin da kullum nake gaya wa yara su yi kafin su amsa tambaya, wato na zauna na tambayi kaina me ake nema. Me zan yi da wuƙa a yini? In fiƙe fensir, in yanke igiya, in fere lemo da rake, wani lokaci in yanka kaza. Duk wannan baki ɗaya ya ishe shi, in dai yana da kyau. Zarton can ban taɓa buɗe shi ba sai don nunawa.

Wannan karon ban je kanti mai gilashi ba, inda ba a barinka ka taɓa kaya. Babbar kasuwa na shiga, layin masu ƙarafa, na durƙusa gaban tabarma. Ga yadda na bi da su. Kowace na ɗauka, sai in buɗe ta in danna bayan bakin a jikin katako. Wadda ta naɗe, na ajiye ta, komai kyanta. Na gwada tsawon baki a tafin hannuna, don wanda bai kai faɗin tafi ba azabtar da dabba zai yi. Na jiƙa hannu na riƙe ƙota, na ga mai santsi tana zamewa, ta itace kuwa tana zama. Na jijjiga bakin hagu da dama in ji ko yana rawa. Daga ƙarshe na jefa ta aljihun riga na yi 'yar tafiya, in ji ko za ta riƙa jan wuyana gefe guda. Mai kayan ya ce ko amarya nake zaɓa ai sai haka.

Wadda na tsaya a kanta ba ta da wani ado. Ƙotar itace ce, baki ɗaya, da wani zobe a baya. In ka buɗe ta sai ka ji ƙas, ta kulle, ba za ta rufe ba sai ka ja zoben nan da yatsa. Aibinta ɗaya, ƙarfen yana son tsatsa, ga damshin Kumasi. Saboda haka nakan goge ta in shafa mata ɗan man kaɗe, kuma ba na haɗa ta aljihu ɗaya da goro, don jiƙaƙƙen ganyen da ake naɗe shi da shi ba ya barin ƙarfe lafiya.

Na wasa ta har tana aske gashin hannu, na nufi rumfar Alhaji Buraima. Na same shi cikin huhunan goro, ana tsincewa ana yayyafa ruwa. Bayan gaisuwa na ajiye ta a naɗe a kan tabarma. Ya ɗauka, ya juya ta ciki da bai, ya leƙa cikin ƙotar kamar mai neman kunama, ya tambaye ni ko wannan ma tana da ɗa a goye. Na ce ita kaɗai ce tilo. Ya buɗe, ya tsaga goro da ita, ya miƙo mini ɓari. Sannan ya sa ta a aljihunsa ya ce in tafi, zai yi tunani.

Ban iya cin abinci ba ranar. Da safe sai ga shi da kansa a ƙofar makaranta, wurin da bai taɓa takawa ba. Ya mayar mini da wuƙa, ya ce yara za su je. Amma shi ma zai je, a gaba zai zauna kusa da direba. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, lori zai juyo da yaran Zongo gaba ɗaya, kuma kada in sake yi masa maganar tafiya.

Da na faɗa wa aji, ihun da suka yi sai da Masta Ofori ya fito da bulala, da ya ji dalili kuma ya ɓoye ta a bayansa. Jar wuƙar nan shi na ba wa, ya ce zai kula da abin goyon nata da kyau.

Ranar Asabar ta sama za mu tafi. Murna nake yi, amma ban manta da sharaɗin Alhaji ba.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Amininka,
Iliasu.

Zongo, Kumasi,
24 ga Maris, 1970.

Ɗan'uwana Gariba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ina fata zafin da ka ce ya fara bai dami yara ba. Mu nan ruwa ya fara sauka. Ka gyara zama, mun je mun dawo.

Mun tashi da hantsi, yara a baya da kwandunan kaji, Alhaji a gaba da carbinsa da butarsa ta ƙarfe. Ya kuma zo da zabbi, ya ce kada a ce mutanen Zongo sun zo hannu sake. Yara suna waƙa da Asantanci, su juya da Hausa, su koma Turanci. Da lori ya fara gangara tudun nan na ƙarshe, sai ga ruwa shimfiɗe a ƙasa, duwatsu sun kewaye shi. Waƙa ta tsaya. Seini ya tambaye ni ko wannan ne teku. Alhaji ma na ga ya daina jan carbi. Ashe duk shekarunsa a Kumasi bai taɓa zuwa ba.

Masuntan wurin ba su da jirgi. A kan wani katako suke zama, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu da ɓarin ƙwarya. Na ce wa yara su zana abin da suka gani, na fiƙe musu fensir, na koma gindin wata bishiya don yanka. Alhaji ya tsaya a kaina, ya duba alƙibla, ya gyara ni kaɗan. Na buɗe wuƙa ta yi ƙas, na yi bismilla. Ba ta yi rawa ba, ba ta naɗe ba, jan farko ya wadatar a kan kowace. Da na gama ya ce madalla, ita ce kalmar farko mai daɗi da na taɓa ji daga bakinsa.

Don murna sai na ruga bakin ruwa in wanke wuƙata. Saura taki kaɗan sai ihu ya tashi ta ko'ina. Mata suka yar da wanki, wani tsoho ya sha gabana da sanda yana faɗa. Masta Ofori ya zo da gudu ya bayyana mana cewa a al'adarsu ƙarfe ba ya taɓa ruwan tafkin nan, shi ya sa ma suke hawa katako. Ya ce laifinsa ne, ya manta bai gaya mana ba.

Gariba, na waiwaya na ga Alhaji yana tahowa da butarsa ta ƙarfe zai ɗebi ruwan alwala. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce ba ya bin dokar da ba ta addininsa ba, a juya lori. Yara sun yi cirko-cirko. Mamuna ta riƙe hannun ƙawarta Afua kamar za a raba su.

Alhaji ya sa Masta ya maimaita masa bayanin. Ya dubi tsohon. Sannan ya ce mu da muka zo da namu sharaɗin, wa ya yi mana gardama? Masu gari kuma sun faɗi nasu. Ya ajiye buta a kan tudu, ya ari ƙwarya wurin wata mata, ya naɗe wando, ya shiga ruwa ya ɗebo. Shi ya riƙa zuba mini ina wanke wuƙa can nesa da gaɓa, yana cewa malam mai karatu, kowace wuƙa ka saya sai ta tara maka jama'a. Na goge ta da ganye, na ja zobe, na jefa ta aljihu. Tsohon ya sauke sandarsa, ya aika aka kawo mana kifi.

Malamai mata da matan garin suka dafa miya, ga dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ga soyayyen kifi. Yara suka zauna yadda suka ga dama, babu wanda ya tambayi wane kwano ne na wa. Alhaji ya ci kwano ɗaya da Masta da tsohon nan, shi da tsohon ba sa jin harshen juna sosai, amma sun ƙare zabo guda tas. Bayan azahar na nemi Alhaji ban gan shi ba, ashe yana cikin ruwa har gwiwa, yara suna watsa masa yana ramawa, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf. A hanyar dawowa ya bar wa Masta kujerar gaba, ya hau baya. Kafin mu iso Zongo ya tambaye ni ina za mu kai su baɗi.

Jiya Mamuna ta ɗaga hannu har sai da na ce ta bar wa wasu. Surutu ya dawo ajin, har ya fi na da, ni kuwa na kasa tsawatawa.

Kai ma ka gwada. Ranar kasuwa ka je ka durƙusa gaban masu wuƙaƙe, ka danna, ka jijjiga, ka zaɓa da hannunka. Sannan ka tara yaran zaurenka, waɗanda aka haifa can da waɗanda suka zo daga nan, ka fita da su bayan gari ko da gindin kuka ne, ka yanka musu zabo. Kafin ka sauke kaya dai ka tambayi masu wurin abin da ba a yi. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.

Yara sun ce in gaishe da Malam Gariba, Maame Akosua ma tana gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka mai ƙaunarka,
Iliasu.