Ya Shafe Muryar Innata, Kaset ɗin Babansa Yana Hannuna

Assalamu alaikum masu wannan fili. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni tukun kafin ku zage ni.

Ni direba ne, Gusau zuwa Tsafe nake yi. Bana na canza rediyon mota, sabuwar ta kama cinye mini tsofaffin kaset, sai na kwashe su duka na kai wa abokina mai shagon kaset a Sabon Gari, ya juye mini a sababbi yadda na saba jerawa: waƙoƙin noma daga tasha zuwa Tsafe, masu sanyi a dawowa. A cikinsu akwai wani marar suna, wanda na ɗauki Innata tana waƙar daka, shekara guda kafin ta rasu. Ban karye ɗan kunnen nan na kaset ba, wanda karye shi ke hana ɗaukar wani abu a kai, wannan sakacina ne. Amma shi ba shi da kunnen ji? Da na dawo, na tarar ya ɗora kiɗan wani biki a kai, ya sayar. Na tambaye shi, yana dariya ya ce: "Haba direba, hayaniyar mata ta kawai nij ji. Mi anka yi anka yi waƙar daka?"

Wallahi da haƙuri ya ba ni da na haƙura. Dariyar ce ta tsaya mini a wuya.

Shi ma yana da nasa: kaset ɗin da makaɗa suka wasa marigayi babansa a gayyar noma a Bungudu, har tsohon ya yi magana a ciki. Ranar Juma'a da ya tafi alwala na zare shi na sa a aljihu. Shi ya karye kunnen nasa, mai wayo, to na cusa takarda a ramin don a iya ɗauka a kai. Yanzu jan maɓalli kawai zan danna.

Jiya na ishe shi ya zazzage shago, ido jawur, ya ce in taya shi nema. Na durƙusa muka yi ta dubawa tare, har ina ba shi baki. Abin kunyar, daɗi na ji, kuma bai ishe ni ba. So nake in shafe, in mayar masa, ya kunna a gabana ya ji shiru.

Jama'a, me zan yi?